In Kai Ya Bugu, A Fitar Da Yaro Daga Fili

Rowan Stringer tana da shekara 17, ita ce kyaftin ɗin ƙungiyar zari-ruga ta 'yan mata a makarantar sakandarensu da ke Ottawa, babban birnin Kanada. Ranar Juma'a 3 ga Mayun 2013 ta bugu a kai a wajen wasa. Ranar Litinin ta sake buguwa, ciwon kai ya sa ta gaba. Ba ta faɗa wa iyayenta ba, ba ta faɗa wa kocinta ba. Sai dai ta shiga intanet ta duba alamomin girgizar ƙwaƙwalwa, ta kuma tura wa wata ƙawarta saƙo cewa tana jin abin da ya same ta ke nan. Da maganar wasan Laraba ta taso, sai ta ce in ba mutuwa ba, babu abin da zai hana ta bugawa. Ranar Laraba 8 ga wata aka kayar da ita, kanta ya daki ƙasa. Ta yunƙura ta zauna, sai ta koma ta zube, kuma ba ta sake farfaɗowa ba. Ta rasu ranar Lahadi 12 ga Mayu.

Abin da ke hana ni sukuni a labarin yarinyar nan shi ne ta san sunan abin da ke damunta. Ta karanta, ta gane, sannan ta zaɓi yin shiru, domin a inda ta tashi ɗan wasan da ya cije ya ci gaba shi ake yi wa tafi, wanda ya ce kansa na ciwo kuwa sai a ɗauke shi mai raki. Ƙawayen da suka ga saƙonninta su ma yara ne. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu irin wannan sirri ba a riƙe shi.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A ƙasar Ireland an tambayi 'yan makaranta kimanin 300 masu buga zari-ruga, aka buga sakamakon a 2015: sama da kashi 70 cikin 100 sun ce za su shiga muhimmin wasa ko da ba su gama warkewa daga girgizar ƙwaƙwalwa ba. Yara ne da suka ji an yi maganar, suka ga takardun faɗakarwa manne a bango. Sanin yana nan, amma ranar da aka ce ga kofi a gaba, ga abokai na kallo, ga wanda ke zaune a benci yana jiran gurbinka, sai sanin ya zama kamar ba a taɓa yin sa ba. Wannan hali shi ne annobar da nake gargaɗi a kanta, kuma tana bin wasan duk inda ya shiga.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin kai, don yawancin gangancin da ake yi daga rashin hango shi yake tasowa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, tana zaune ne cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai. Ka ɗauki ƙwaryar kindirmo da ya kwana ya kama, ka rufe ta da faifai, ka fizge ta da ƙarfi ka tsayar. Ƙwarya ba ta fashe ba, ko tsaga babu, amma in ka buɗe za ka tarar kindirmon ya kakkarye. Haka kai yake yi in mutum na gudu aka tare shi farat ɗaya: ƙoƙo ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da tafiya, ta daki bango, ta murɗe. Siraran jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin sassanta su miƙe fiye da ƙima, sinadaran da ya kamata su zauna cikin ƙwayoyin halitta su fita, na waje su shigo. Don ta mayar da komai mazauninsa, ƙwaƙwalwa na buƙatar ƙarfi mai yawa, a daidai lokacin da jinin da ke kawo mata abinci ya ragu. Wannan hali na yunwa da gajiya yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, kuma a yara ya fi daɗewa.

Ba dole sai an daki kan ba. Karon kafaɗa da ƙirji ya isa ya fizgi wuya ya girgiza abin da ke ciki. Ba kuma dole sai an suma ba: cikin mutum goma da suka samu girgizar ƙwaƙwalwa, da ƙyar ɗaya ke suma. Sauran taran suna tsaye da ƙafafunsu, suna magana, wasu har suna gudu. Jini ba ya fita, ƙashi ba ya karyewa, hoton kai na asibiti ma galibi ba ya nuna komai. Alamomin kan iya jinkiri har kwana ɗaya ko biyu kafin su bayyana. Shi ya sa ake raina abin. Da ƙafa ce ta karye kowa ya ga ta lanƙwashe, babu kocin da zai ce wa yaro tashi ka koma.

A cikin waɗannan kwanaki na rauni ne bugu na biyu ke yin kisa. In ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ta sake girgiza, ko da bugun bai kai na farko ƙarfi ba, tana iya kasa sarrafa jinin da ke shigarta. Sai ta kumbura. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri, don haka sai ta danne tushenta, inda numfashi da bugun zuciya suke. Cikin 'yan mintoci yaron da ke tsaye ya faɗi. Abin ba kullum yake faruwa ba, gaskiya ne, amma kusan duk waɗanda yake faɗawa yara ne da matasa, kuma wanda ya faɗa wa, in bai mutu ba, da wuya ya koma yadda yake. Yaro wuyansa bai yi ƙwari ba, kansa na da girma in aka gwada da jikinsa, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ginuwa sai ya haura shekara ashirin.

Shekara biyu kafin Rowan, ranar 29 ga Janairun 2011, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Benjamin Robinson ya buga wa makarantarsa wasa a garin Carrickfergus na Ireland ta Arewa. Da dawowa daga hutun rabin lokaci ya yi mummunan karo, ya kwanta a ƙasa. Aka duba shi, aka mayar da shi. Ya sake buguwa, aka duba shi, aka mayar da shi. Sau uku ana yin haka. Abokan wasansa sun ba da shaida daga baya cewa ya rikice, har bai san ci nawa ake ba. Mahaifiyarsa na bakin fili, hankalinta ya tashi, ta yi magana, aka ce ta kwantar da hankalinta. Ana dab da tashi ya faɗi. Bayan kwana biyu ya cika a asibiti a Belfast. A 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa bugu a kan bugu ne ya kashe shi.

A nan babu maganar ɓoyewa. A gaban manya abin ya faru, da rana tsaka, ana ɗaukar bidiyo. Kuskuren da aka yi shi ne wanda ake yi kowane mako a filayen makarantu: a durƙusa gaban yaro a ce masa, lafiya kake? Za ka iya ci gaba? Yaro kuwa ya ce zai iya. To me ake so ya ce? Ɗan shekara 14 ne, ajinsu na kallo, an kuma raine shi a kan cewa namiji ba ya ja da baya. Bayan wannan ma, gaɓar da ake tambaya ita ce gaɓar da ta ji ciwo. Ƙwaƙwalwar da za ta auna haɗari ta ce a'a, ita ce ta rikice. Tambayar yaron da kansa ya bugu ko zai ci gaba daidai take da miƙa wa mai maye makullin mota a ce ya faɗi da bakinsa ko zai iya tuƙi. Hukuncin na babba ne, kuma babban da ya jingina shi ga yaro ya gudu ne daga nauyin da Allah ya ɗora masa.

Mahaifin Benjamin bai zauna ba. Ya yi ta bin hukumomi da 'yan majalisa har Scotland ta fitar da ƙa'ida guda ga dukkan wasanni a 2015, wadda jigonta shi ne in ana kokwanto, a fitar da ɗan wasa. A Kanada, binciken rasuwar Rowan ya fito da shawarwari 49, kuma a 2018 lardin Ontario ya kafa doka da sunanta. Dokar ta wajabta wa 'yan wasa da iyaye da kociyoyi su riƙa bitar bayanan girgizar ƙwaƙwalwa duk shekara, ta kuma tilasta wa kowace ƙungiya ta tanadi tsarin fitar da wanda ya bugu da tsarin dawo da shi. Da gawar yara aka sayi waɗannan dokoki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Daga ina yaran suka koyi cijewa? Daga talabijin. Ko wata biyu ba a yi da binne Rowan ba, ranar 6 ga Yulin 2013 a birnin Sydney, George Smith na Ostireliya ya yi karo da Richard Hibbard na tawagar Lions ta Birtaniya da Ireland. Duniya na kallo aka riƙo shi yana tangaɗi, ƙafafunsa na harɗewa. Bayan kimanin minti biyar sai ga shi ya dawo fili, filin wasa ya ɗauki sowa. A Fabrairun 2015 a Cardiff, George North na Wales ya bugu sau biyu a wasansu da Ingila, a na biyun ya faɗi kamar ba rai, amma ya ƙarasa wasan; daga baya hukumar wasan ta duniya, World Rugby, ta amsa cewa bai kamata a bar shi a fili ba. Tun 2012 likita Barry O'Driscoll, wanda shi ma tsohon ɗan wasan Ireland ne, ya ajiye muƙaminsa a kwamitin lafiya na hukumar wasan ta duniya saboda bai yarda a ce gwajin minti biyar ya isa a mayar da mutum fili ba. Yaron da ya ga gwaninsa ya tashi daga suma an yi masa tafi, me takardar bango za ta faɗa masa ya ji?

An gyara abubuwa da dama tun daga lokacin. Gwajin bakin fili ya koma minti 12, akwai likitoci masu duba bidiyo, kuma tun 2024 manyan 'yan wasa na sa robar haƙori mai na'ura da ke aika saƙo in karo ya yi tsanani. Amma a lura da kyau: duk wannan na ƙwararru ne manya, masu likitan da ya san yadda ƙwaƙwalwarsu take tun tana lafiya. A wasan yara da na unguwa babu wani gwajin komawa fili. Dokar World Rugby a nan ɗaya ce, a gane, a fitar. Kocin makarantar da ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne nan, ya tambayi yaro yau wace rana, sannan ya tura shi ciki, yana kwaikwayon abin da ba a ba shi izni ba, kuma ba shi da kayan yin sa.

Ga wanda ya tsallake mutuwar farat ɗaya, akwai wani bashin da ke jira a gaba. Steve Thompson na cikin waɗanda suka ci wa Ingila Kofin Duniya a 2003. A Disambar 2020, yana da shekara 42, ya fito ya ce likitoci sun tabbatar masa da cutar mantuwa irin mai kama mutum da wuri. Ya ce ba ya tuna cin kofin, in ya kalli bidiyon wasan kamar wani yake kallo, wani lokaci sunan matarsa ma ɓace masa yake yi. Carl Hayman na New Zealand da Ryan Jones, tsohon kyaftin ɗin Wales, kowannensu ya bayyana irin wannan yana ɗan shekara 41. Ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai World Rugby da hukumomin wasan na Ingila da Wales kotu. A Jami'ar Glasgow, Farfesa Willie Stewart da abokan aikinsa sun bi tarihin lafiyar mutum 412 da suka taɓa buga wa Scotland wasa, suka gano a 2022 cewa haɗarin kamuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau biyu da rabi. A 2023 kuma aka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan zari-ruga 31 da suka rasu, aka samu cutar CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai, a cikin 21. Da yawansu ba ma ƙwararru ba ne, don sha'awa suka yi wasan. Kuma binciken ya nuna kowace shekara da mutum ya ƙara a fili tana ƙara haɗarin. Yaron da ya fara yana ɗan shekara goma, lissafinsa tun daga nan ya fara.

Ni ba maƙiyin wasan nan ba ne. Wasa ne mai koyar da haɗin kai da ladabi ga alƙali fiye da wasanni da yawa, yana da gurbi ga ƙato da siriri, dogo da gajere, ya kuma cire yara masu yawa daga zaman banza. Don ina son ya ɗore ne nake wannan magana da zafi.

Akwai wata yaudara da ke cin iyaye musamman, wato hular soso. Uba ya sayo wa ɗansa hular nan mai laushi, ya ga ta rufe kai da kunnuwa, sai ransa ya kwanta. Hular na kare kunne daga murjewa, tana kare fatar kai daga tsagewa, iyakarta ke nan. Babban gwajin da aka yi a kan dubban matasan 'yan wasa a Ostireliya, wanda aka buga a 2009, bai ga ta rage girgizar ƙwaƙwalwa ba. Koma kan ƙwaryar ɗazu: ko ka naɗe ta da tsumma goma, in ka fizge ta kindirmon ciki sai ya motsa. Abin tsoro ma shi ne yaron da ya sa hula yakan ji kamar ya sa sulke, sai ya riƙa kai kansa inda da ba zai kai ba.

Inda kariya ta gaskiya take shi ne yadda ake tare abokin karawa. Binciken World Rugby a kan wasannin ƙwararru ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na raunukan kai a wajen kayarwa suke faruwa, kuma cikinsu kusan bakwai cikin goma mai kayarwar ne ke jin ciwon, ba wanda ya riƙo ƙwallo ba. Wanda ya shiga a tsaye, kai na fuskantar kai, shi ya fi shiga haɗari. Faransa ta koyi wannan da hawaye. Tsakanin Mayun 2018 da Janairun 2019 matasa huɗu 'yan shekara 17 zuwa 23 suka rasu bayan karo a fili, wani ta kai, wani ta wuya, wani ta zuciya. Hukumar wasan ta ƙasar ta sauko da iyakar kamu zuwa ƙugu a wasannin da ba na ƙwararru ba. Da Ingila ta zo yin haka a Janairun 2023, sai ƙungiyoyi suka yi ca, ana cewa za a kashe wasan, za a mai da shi na ragwaye, har aka sasanta a kan ƙasan ƙashin ƙirji. Ka ji bakin manya ke nan. Yaushe za a ga laifin yaro in ya ɓoye ciwon kai?

Yanzu kuma abin ya bar filin makaranta ya shiga waya. Daga Ostireliya da New Zealand wani wasa ya ɓullo da ake kira Run It Straight. An ɗebe duk wata dabara ta zari-ruga, gudu da kaucewa da miƙa ƙwallo, an bar karon zalla. Mutum biyu su tsaya a fili mai tsawon kimanin mita 20, ɗaya riƙe da ƙwallo, su sheƙo da gudu su gwabza, wanda ya rinjayi ɗan'uwansa shi ya ci. Ana sa kuɗi masu tsoka, ana yanka bidiyon wanda ya faɗi yana makyarkyata a watsa a TikTok da Instagram, miliyoyi na kallo. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ta gargaɗi. A ƙarshen Mayun 2025, wani matashi ɗan shekara 19 a garin Palmerston North na New Zealand ya gwada shi da abokansa, ba gasa ba, ba kuɗi ba, wasa kawai. Washegari ya rasu a asibiti saboda raunin kai. Bidiyo ba ya neman biza. Wayar da ke hannun yaro a Auckland ita ce a hannun yaro a Kano da Maraɗi da Kumasi, kuma wannan wasa ba ya buƙatar koci ko fili ko ƙwallo mai tsada. Yara biyu da lungu sun isa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Zari-ruga ya riga ya shigo mana: ana buga shi a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, 'ya'yanmu da ke karatu a Ingila da Afirka ta Kudu na haɗuwa da shi a makaranta, kuma ganin ɗan asalin Najeriya kamar Maro Itoje ya zama kyaftin ɗin Ingila zai ƙara jawo wasu. Halin cijewar nan kuwa ba sai an koya mana ba, da shi muka tashi. Mu ne masu cewa yaro ka cika raki, tashi mana kai ba namiji ba ne. A fagen dambe an buge mutum ya faɗi, an yi kisa, a yayyafa masa ruwa a yi masa firfita, ya miƙe yana layi, gobe ko jibi ka gan shi ya sake ɗaure hannu. A filin ƙwallon ƙafa na unguwa kawuna biyu su haɗu a sama, a fasa ledar ruwa a zuba wa yaro a ka, a ce jiri ne, yanzu zai sake shi. Ruwan sanyi na farfaɗo da mai jin zafi, amma ba ya shiga cikin ƙoƙon kai ya gyara komai. Ga shi kuma a yawancin garuruwanmu asibitin da ke da na'urar hoton kai da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yana da nisa. Benjamin da Rowan a manyan asibitoci aka kwantar da su, ba a iya ceto su ba. Mu da ba mu da wannan a kusa, fitar da yaro tun a bugun farko shi ne kusan dukkan abin da muka mallaka.

Malam koci, alƙalin wasa, malamin motsa jiki, ga abin da ido zai nema. Yaro ya daɗe a kwance bayan karo, ko ya tashi yana tangaɗi, ko ya dafe kai, ko idonsa ya yi fayau kamar ba ya ganin kowa, ko ya nufi inda ba ɓangarensa ba, ko yana maimaita tambaya ɗaya. Ko kuma shi da kansa ya ce kansa na sarawa, yana jin hajijiya, zuciyarsa na tashi, haske na damunsa. Ɗaya daga ciki ta isa. Ka fitar da shi, kuma ya gama wasa a ranar, ko da bayan minti goma ya rantse maka ya warke, ko da wasan ƙarshe ne, ko da ubansa ne ya zo yana faɗa. A New Zealand alƙali na da shuɗin kati da yake ɗaga wa wanda yake zargin ya samu girgizar ƙwaƙwalwa, daga nan sai fita, ba kuma dawowa sai da takardar likita. Kai da ba ka da kati, kana da baki. In kuwa ya suma, ko yana kukan wuya, kada a ɗaga shi a ruga da shi kamar buhu, a bar wuyansa yadda yake har masu sani su zo. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, ganin abu bibbiyu, jijjiga, sanyin hannu ko ƙafa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, rikicewa ko faɗan da ba halinsa ba: waɗannan asibiti ne nan take, ba kemis ba, ba a bari sai gobe ba.

Uwa da uba, aikinku daga gida yake farawa. Likita ya gan shi cikin kwana ɗaya, kada kuma a bar shi shi kaɗai a wannan kwanan. Kada a ba shi asfirin, kada ya hau babur ko keke. Kwana biyun farko ya huta, ya rage kallon waya da talabijin, daga nan ya fara 'yar tafiya a hankali, ya koma karatu kaɗan-kaɗan. Aji ne farko, fili daga baya. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a Afrilun 2023 ga wasannin makarantu da na unguwa ta ce ba a komawa atisayen da ake karo a cikinsa sai an yi kwana 14 babu wata alama, ba a kuma shiga gasa kafin kwana 21. Mako uku ke nan a mafi ƙaranci. Zai yi kuka, zai ce an cuce shi, zai ce wani zai ƙwace masa gurbi. Ku bar shi ya yi kukan. Ku kuma kula da abin da kuke yabawa a gabansa. In kullum labarin da yake ji a bakinku na gwanin da ya buga wasa da jini a fuska ne, kun riga kun gaya masa abin da zai yi ranar da kansa ya bugu. Ranar da ya zo da kansa ya ce Baba, kaina ba daidai yake ba, ranar ce ta cancanci yabo, a gaban ƙannensa.

Sai kai ɗana da ke cikin fili, da ke 'yata. Sau da yawa koci bai gani ba, alƙali na kallon ƙwallo, iyaye na gida. Kai ne kake kusa. Kai ne ka ga abokinka ya tashi yana lumshe ido, kai ya tambaya ci nawa ake, wayarka ce saƙon ya shigo da dare cewa kansa kamar zai tsage amma kada ka faɗa wa kowa. Wannan ba amanar da ake riƙewa ba ce. Zai ji haushinka, wataƙila ya ce ka ci amanarsa, wataƙila ya yi mako uku ba ya kula ka. Ka je duk da haka ka faɗa wa koci, ko malami, ko mahaifiyarsa, kuma ka faɗa yau, kafin a busa usur ɗin wasa na gaba.